Ɗakin da Inna Ta Hana a Share

Alhamis, da hantsi

Yaya Mahbub ne ya sayo min wannan littafi, ya ce in riƙa rubuta abin da ya faru kullum da Turanci, don bakina ya saba kafin ranar intabiyu a makarantar koyon aikin jinya. Ta gaba na cika shafi shida da Turancin. Yau na juya littafin ta baya na fara da Hausa, don abin da ke cikina ya fi ƙarfin Turancina. In ya dawo ya yi faɗa, na yarda.

Ranar Litinin ya fita, bayan ya karya kumallo. Yau kwana uku ke nan. Ranar ce rikici ya tashi a cikin gari. Mu nan Agege gudun mutane kawai muka gani ta bakin layin dogo, sai Iya Sikira mai gidanmu ta ja ƙofa ta danna sakata, ta ɗauko kujerarta ta zauna a bayanta, ta ce duk mai neman ɗan hayarta ya fara da ita tukuna. Kawu Jumare, ƙanin Inna, ya fita neman Yaya jiya da shekaranjiya. Yana dawowa sai ya nemi buta, ba ya kallon kowa.

Lokacin da sojoji suka sauka daga mulki suka koma bariki, Yaya ya ce shi ke nan, yanzu kowa zai yi barci da ido biyu rufe. Ina tuna masa wannan magana in ya zo.

Inna ta kafa doka: ba a share ɗakin Yaya, ba a ɗaga ko tsinke. Ta ce a gidansu can Arewa, in mutum ya fita ba a sa tsintsiya a ɗakinsa sai an ji ya isa inda za shi.

Juma'a, bayan la'asar

Matsalar ita ce ɗakin Yaya shi ne ɗakin karatuna. Tebur ɗaya gare mu, wai rabi nawa rabi nasa, amma a gaskiya kusurwa ɗaya ya bar min. Gyaran rediyo yake yi da rana, ya tafi makarantar yamma, kuma duk faɗin Agege ban ga mai barbaza kaya kamarsa ba. Ga yadda ya bar wurin: kofin shayi da ya sha rabi, ɓawon lemo a kan littafin lissafinsa, singileti rataye a bayan kujera, rediyon Iya Sikira a buɗe hanjinsa duk a waje, ƙananan kusoshi a cikin murfin kwalbar man shafawata da na yi wata guda ina nema, takalmi ƙafa ɗaya a bakin gado, ɗayar kuwa Allah kaɗai ya san inda take.

Inna ta ce in shiga in yi karatuna, amma in zauna kamar baƙuwa.

Karatun nawa kaset ne. Yaya ya samo tambayoyin da aka yi wa waɗanda suka je intabiyu bara, aka ce matan da ke intabiyun sun fi son tambaya a kan tsafta, wai wadda ba ta iya gyara gadonta ba ba za ta gyara na majinyaci ba. Sai ya ɗauki muryarsa yana tambaya da Turanci, bayan kowace tambaya ya bar fili in amsa. Ni matsalata ba sanin amsa ba ce. A takarda ba mai kayar da ni, amma da na buɗe baki da Turanci gaban manya sai harshena ya yi nauyi, in koma raɗa.

Na danna. Ya yi gyaran murya irin ta manyan ma'aikata.

"Oya, Miss Nazifa, zauna da kyau, abeg kar ki ba ni kunya. Question one. How do you keep your room tidy?"

Wato, yaya kike tsaftace ɗakinki. Amsar da muka shirya ita ce ina shara kowace safiya, ina ninke tufafi, ina goge tebur, ina mayar da komai inda na ɗauko shi. Yau na faɗe ta sau biyar ina kallon kiyashi sun yi layi zuwa kofin nan.

Asabar, da azahar

Kawu ya je asibiti biyu da ofishin 'yan sanda uku. Babu sunan.

Lahadi, da safe

Bari in rubuta wani abu a kan Inna, ko na samu in daina sauraron ƙarar ƙofa.

Sunanta Hansai, amma a kasuwar goro Mai Tsinta ake kiranta. Dillalai sukan turo mata huhun goro har gida, ta kwance, ta bi ɗaya bayan ɗaya ta fitar da wanda sankara ta taɓa, ta sake sabon ganye, ta jera manya a ƙasa ƙanana a sama, ta ɗaure. Goro ɗaya mai ciwo kan lalata huhu guda, shi ya sa suke layi a wurinta ko da akwai masu sauri fiye da ita. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana juya goro a tafin hannu sau ɗaya ta san abin da ke cikinsa. Tun da Baba ya rasu, da waɗannan yatsun ta riƙe mu.

Gidan nan ɗaki goma sha biyu ne, kowa da ranar shararsa, amma kafin mai ranar ya farka Inna ta gama har da kwata. Tsintsiyarta ba ta kwana a ƙasa, ƙusa gare ta a bango. Ta taɓa tashe ni daga barci saboda zaren gashi ɗaya a kan tabarma. Da yaya ta haifi Yaya, wannan sai malamai.

To wannan matar ce yau kwana shida take wucewa ta ƙofar ɗakin nan. Ɗazu na ganta ta tsaya, ta ƙura wa ɓawon lemon ido, hannunta na dama ya ɗago da kansa, sai ta kama shi da na hagu ta mayar baya ta riƙe. Ta daɗe a haka sannan ta koma kan goronta. Ni dai ban taɓa ganin mace kamar Inna ba, kuma ba don ta haife ni nake faɗa ba.

Talata, bayan la'asar

Iya Sikira ta leƙo neman rediyonta, wai tana son jin labarai. Tana ganin yadda ɗakin yake, ta kalli Inna, ta ce, "Iya Mahbub, pele, sannu. Ku bar shi. Wanda ya buɗe shi, shi zai rufe." Hausarta a karkace take amma maganarta a miƙe.

Tambaya ta biyu a kaset ita ce ina nake karatu, kuma yaya nake shirya wurin. Ta uku, wa ya koya min tsafta. Waɗannan na iya su kamar Fatiha. Ta huɗu ce ta gagare ni. Cewa yake, in an haɗa ki ɗaki da wanda ba ya gyara kayansa, yaya za ki yi? Yana gama tambayar sai ya fashe da dariya, ya ce da Hausa, "Ki bi a hankali, madam, ina jin ki."

Ban taɓa amsa ta ba tun da ya fita. Da na yi shiru sai na gano filin da ya bari ba shiru ba ne. Ana jin numfashinsa, ana jin yana tauna wani abu, ina jin gyaɗa ce, yana ƙwanƙwasa tebur da sukudireba. Can nesa kuma ana jin shat, shat, tsintsiyar Inna a tsakar gida.

Inna ba ta jin Turanci ko na sayen ruwa, amma yanzu da na danna kaset sai ta jawo tabarmarta da kwandon goro zuwa bakin ƙofa. Na lura in ina amsawa tana ci gaba da tsinta, in na yi shiru sai hannunta ya tsaya. Don haka yau na bar mata tambaya ta huɗu sau uku.

Laraba, da magariba

Ba labari. Shayin ya bushe a gindin kofi, kiyashin ma sun gaji sun tafi.

Alhamis, da hantsi

Na yi abin kunya yau.

Ɓawon lemon ya yi fumfuna, kore shar, har ya fara cin bangon littafin. Ina tsakiyar cewa ina goge tebur kowace safiya sai raina ya ɓaci, na sa hannu na ɗauke shi. Ban kai ƙofa ba na ji muryar Inna.

"Mayar."

Na ce, "Inna, wannan fa camfi ne. Malam ya faɗa mana a Islamiyya, babu shi a littafi. Ƙura ba ta dawo da kowa. Kullum ina zaune a cikin juji ina rantse wa rediyo cewa ni mai tsafta ce, kamar mahaukaciya!"

Na ɗauka za ta mare ni, kuma da na fi son haka. Sai ta ajiye goron hannunta, ta goge yatsu a zane.

Ta ce, "Na sani babu shi a littafi. Allah ke dawo da matafiyi, ba datti ba. Amma ke kina da karatunki, Jumare yana da ƙafafunsa yana yawo. Ni me zan yi wa yaron nan? Abinci na dafa, ba ya nan ya ci. Wanki na yi, ba ya nan ya sa. Abu ɗaya ya rage da zan iya yi masa mai wuya, in ga wannan in kawar da kai. Ki bar min shi."

Na mayar da ɓawon daidai inda ya bar tabo. Na je bayan gida na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na danna tambaya ta ɗaya.

Asabar, da azahar

Wasiƙa ta zo ta akwatin gidan waya na 'yan goro, Kawu ya kawo ta. Makarantar ce. Sun karɓi fom ɗina, lambata ɗari huɗu da goma sha bakwai, in zo intabiyu, ba Alhamis mai zuwa ba, ta sama, da ƙarfe tara.

Na karanta wa Inna, na fassara. Ba ta ce komai a kan intabiyun ba. Cewa ta yi, "Ashe ya kai."

To, bari in rubuta, tun da takarda ta riga ni faɗa. Fom ɗina ya tafi kaiwa. Litinin ɗin ce ranar rufewa. Ya ce min gari kamar ba lafiya, direbobin danfo suna ta ƙus-ƙus, mu ɗan jira zuwa azahar. Ni kuma na buɗe baki na ce ai na sani, mutumin da ba ya iya ɗaga kofin da ya sha shayi ina zai iya kai takarda a kan lokaci. Ya yi dariya, ya ajiye kofin, ya ɗebi goro biyu a kwandon Inna ya ce na masu gadi ne, ya fita.

Inna tana tsakar gida, ta ji duk abin da na ce. Yau kwana goma sha biyu ba ta tayar da maganar ba, ko da ido. Na fi jin nauyin wannan a kan zagi.

Litinin, bayan la'asar

Kawu ya je makarantar. A ofis sun ce e, an kawo fom, iyakar abin da suka sani ke nan. Mai gadin da ya tarar sabo ne, bai san komai ba.

Rediyonmu ya cinye kaset ɗin yau, ana tsakiyar tambaya ta biyu. Na zaro zaren a hankali, na naɗe shi da biro yadda Yaya yake yi, ya koma, amma wuri ɗaya ya tattare. Inna ta miƙo hannu ta karɓa. Ta naɗe shi a farin ƙyalle ta sa a cikin kwallarta ta rufe, ta ce muryar ba ta wasa ba ce, kar mu ƙarar da ita.

Na ce to wa zai riƙa yi min tambayoyin? Sai ta gyara zama a bakin ƙofa, ta yi gyaran murya irin tasa sak.

"Hau du yu kip yuwa rum taidi?"

Wallahi sai da na riƙe tebur. Duk huɗun ta haddace, har da inda yake jan numfashi. Na yi dariya, karon farko tun ranar, ita kuwa ko gezau.

"Amsa nake jira. Kuma ɗaga murya, ba sata kika yi ba."

Laraba, da hantsi

Inna ta fi kaset tsanani. Kaset ba ya cewa a sake.

Ba ta san ma'anar kalma ko ɗaya ba, amma in na zo wurin da nake haddar abin da ban yarda da shi ba sai ta ɗaga yatsa. "Nan akwai sankara. Me kika ce a nan?" Na ce na ce ina jera littattafaina a kan kanta kusa da taga. Ta ce, "Wace kanta? Wace taga? A kwalin madara kike ajiye su, ƙarƙashin tebur. Faɗi kwalin madara. Turawan ba su da kwali ne?"

Yanzu sai na fara faɗin amsa da Hausa ta tantance, ta fitar da ruɓaɓɓu, sannan in juya sauran zuwa Turanci. Amsoshin sun gajarce amma harshena ya daina sarƙewa. Da muka zo kan wa ya koya min tsafta, na faɗa mata da Hausa abin da nake cewa a kanta. Ta ce in rage, yabo da yawa ƙarya yake zama a kunnen baƙo. Ban rage ba, tun da ba ta jin Turancin.

Ta huɗu kuwa tana yin tambayar, har da "ina jin ki, madam", sai mu yi shiru tare, ta wuce.

Juma'a, da azahar

An yi addu'a a masallaci. Wasu sun dawo daga barikin da suka fake, Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hoto. Babu wanda ya gan shi.

Lahadi, da safe

Gizo-gizo ya yi saƙa daga kujera zuwa eriyar rediyo. Inna ta gani. Ta kama hannunta.

Laraba, bayan la'asar

Gobe ne. Na ce ba za ni ba. Na ce ina ni ina zama gaban mutane ina zancen shara alhali ban san inda ɗan'uwana yake ba.

Inna tana goge min farar rigata da dutsen guga na gawayi, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ya kai takardar nan ko bai kai ba?" Na ce ya kai. Ta ce, "To ke ce za ki mayar da tafiyarsa ta banza?"

Daga nan ta yi min tambayoyin a jere. Da ta zo ta huɗu ba ta wuce ba, ta zauna tana jira. Na amsa da Hausa, ta ce babu sankara. Na amsa da Turanci, ta ce in ɗaga murya.

Alhamis, bayan la'asar

Zan rubuta shi bi da bi, yadda ya faru, in ba haka ba ba zan iya ba.

Kawu ya raka ni. Danfo biyu muka hau. A hanya akwai wuraren da na kawar da kai.

A ƙofar makarantar wani dattijo mai gadi yana tsaye, siriri, da rawani, mutumin Maraɗi, daga baya na ji sunansa Malam Na'Allah. Duk yarinyar da ta zo sai ya ce ta nuna masa wasiƙarta, ya duba lamba, ya duba wata 'yar takarda a tafin hannunsa, ya ce ta wuce. Da ya zo kan tawa sai ya daɗe. Ya dube ni, ya dubi Kawu.

Ya ce, "Shiga, ɗiyata, Allah shi ba da sa'a. Kai Alhaji, zamna nan wurina, ciki na ɗalibai ne."

Mata uku ne a bayan dogon tebur, ta tsakiya da tabarau a kan hanci. Sun tambayi sunana, da dalilin da nake son aikin jinya. Na ji raɗar nan tana tasowa, sai na ji Inna a kunnena, na ɗaga murya. Sun tambayi inda nake karatu, na ce kusurwar tebur da kwalin madara, ta hagu ta yi murmushi ta rubuta wani abu. Sai mai tabarau ta ce a ɗakin kwanan ɗalibai mutum huɗu ake haɗawa, in aka haɗa ni da wadda ba ta gyara kayanta yaya zan yi?

Na ce na saba, da irinsu na tashi. Na ce wana yana barin kofi da wayoyi da takalmi ƙafa ɗaya, kuma da can faɗa nake yi masa da baƙar magana. Na ce yanzu na gane wanda ba ya iya ɗaga kofi yana iya ratsa gari don ya kai takardar wani. Zan gyara nawa, in taya ta nata, in kuma zan yi magana in yi mai daɗi, don ba ka san wadda za ta zama ta ƙarshe ba. Duk da Turanci na faɗa, ban sarƙe ko sau ɗaya ba. Mai tabarau ta cire tabaran ta ce, "Very good, my daughter."

Na fito da saurina in ba Kawu labari. Na tarar da su biyu a kan benci, hular Kawu tana hannunsa. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Malam Na'Allah ya ce yaron ya ba shi goro ranar, ya tsaya suna raha, ya ce ƙanwarsa na nan zuwa, in ta zo a ɓoye tsintsiya don har ofishin shugaba za ta share. Ya fita. Abin da ya ce ya faru a mahaɗar titi ba zan rubuta shi ba. Su mutanen ƙaramin masallacin da ke bayan makarantar ne suka ɗauko gawarsa. Ba a samu komai a aljihunsa ba sai sukudireba da 'yar takardar shaidar karɓar fom, ta jiƙe, lamba kawai ake iya gani.

"Ban iya boko ba, ɗiyata, lamba ɗai na sani. Sau biyu ina zuwa buro, ofis ɗinsu, suka ce takardu na kulle sai ranar ga. Na ce to, mai lambar ga za ta zo da ƙafarta. Kwana ashirin da huɗu tana aljihuna."

Na ce me ya sa bai faɗa min tun da safe ba? Ya ce, "Don wanga shiga taki ya zo. Ni ba ni tare ta."

Allah ya saka wa wannan bawan nasa da Aljanna.

Alhamis, kafin magariba

Inna tana tsakar gida da huhu a buɗe gabanta. Ta dubi Kawu, ta dube ni, ta dubi sukudireban da ke hannuna.

Ta ce, "Jumare, an yi masa wanka?"

"An yi, Yaya Hansai."

"Salla fa?"

"Sahu uku, in ji mai gadin. Shi ya shiga ramin da kansa. Ya ce zai nuna mana wurin."

Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, sau uku, a hankali. Ta lulluɓe goron da ganye don kar ya sha iska, ta ɗaure, ta wanke hannu. Iya Sikira ta fara kuka daga ƙofarta, Inna ce ma ta ce mata ta yi haƙuri.

Sannan ta juyo gare ni.

"To, ya isa inda za shi. Nazifa, ɗauko tsintsiya. Mutane za su zo gaisuwa, ba za su tarar da ɗakin ɗana haka ba."

Na ciro ta daga ƙusa na ba ta. Ta shiga, karon farko cikin kwana ashirin da huɗu, ta je kusurwar ƙarshe inda take fara kowace shara, ta sunkuya. Tsintsiyar ta taɓa ƙasa ta tsaya. Matar da ke share gida mai ɗaki goma sha biyu kafin gari ya waye ta kasa ja ɗaya. Ta miƙe ta ba ni, ta zauna a bakin gadonsa, ta ɗauki takalmin nan ƙafa ɗaya ta ɗora a cinya.

Na fara. Ɗayar ƙafar tana bayan kwalin madarata, ashe duk kwanakin nan a wurina take. Na ɗauke ɓawon lemo, na ɗauke kofi. Hawaye ya hana ni ganin ƙasa, ina ta share wuri ɗaya. Sai na ji ta yi gyaran murya.

"Hau du yu kip yuwa rum taidi?"

Na ce, "Inna, don Allah."

Ta ce, "Shi ya koya miki. Ina so in ji."

Na faɗa da Turanci, ina yi ina faɗa. Ina shara kowace safiya. Ina ninke tufafi, na ninke singiletin. Ina goge tebur, na goge. Da na zo wurin da ake cewa ina mayar da komai inda na ɗauko shi, muryata ta ɗauke, na tsaya da kofin a hannu.

Inna ta ce, "Ƙarasa. Kuma ɗaga murya."

Na ƙarasa.